Yadda Notin Injin Mota Ya Zama Abin Ɗauri Ɗaya

Injin K-series, wanda kamfanin Rover na Ingila ya fara sakawa a motocinsa a 1989, ya zo da wani umarnin ɗauri da zai ba tsohon bakanike mamaki. Littafin gyaransa ya ce a ɗaure notunan tof guda goma da ƙarfin murɗa na Nm 20 kacal, ƙarfin da yaro ɗan koyo zai iya bayarwa da hannu ɗaya. Daga nan sai a ajiye ma'auni, a bi notunan ɗaya bayan ɗaya ana juya kowanne rabin zagaye, wato digiri 180, sannan a sake zagayowa a ƙara wa kowanne wani rabin. Ba a faɗi ƙarfin da za a tsaya a kansa ba. Abin da ake nema shi ne a ja notin har ya wuce iyakar da ƙarfe ke iya komawa yadda yake, ya ƙara tsawon da ba zai taɓa janyewa ba.

A bakin kanikawa kalmar noti ta haɗa dogon ƙarfe mai zare da ƙawanyar da ake murɗa masa. A nan dogon ake nufi, musamman wanda ke ratsa tof, wato murfin da ke rufe silindodi, ya nutse cikin bulok, ya matse gasket a tsakaninsu. Yau irin wannan noti mai miƙewa ya cika injunan mota, kuma duk wanda aka taɓa buɗe wa injin ya gamu da tambayarsa, ko ya sani ko bai sani ba: a mayar da tsofaffin notunan, a sayi sababbi, ko a musanya su da wasu masu kama da su? Amsar tana cikin tarihin yadda masana'antar mota ta kai ga lalata noti da gangan domin ya riƙe da kyau.

Abin da ke riƙe tof

Noti sifirin ne, ko da yake ido ba ya ganin haka. Idan aka murɗa shi, zarensa yana jan jikinsa ya miƙe kaɗan, kuma ƙoƙarin da ƙarfen ke yi na komawa tsawonsa na asali shi ne ke matse abubuwan da aka haɗa. Robert Hooke ya bayyana ƙa'idar a 1678: miƙewar abu tana tafiya daidai da ƙarfin da ke jansa. Amma ƙa'idar tana da iyaka. Ƙasa da wannan iyaka, in aka saki ƙarfe sai ya koma yadda yake. In aka wuce ta, sai ya sallama, ya ci gaba da miƙewa ba tare da ƙarfin jan ya ƙaru sosai ba, kuma ba ya komawa. In aka ci gaba, wani wuri a jikinsa zai sirance, daga nan ya tsinke.

Aikin da ke kan notunan tof ba ƙarami ba ne. A silinda mai faɗin milimita 86, idan matsin ƙonewar fetur ya kai ba 80, ƙarfin da ke neman ɗaga tof ya kusa nauyin tan biyar. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti yana yin wannan bugu sau 25 a daƙiƙa a kowace silinda. A injin dizal matsin ya ninka haka. Dole matsin notuna ya rinjayi wannan bugu a kowane lokaci, kuma ya bazu daidai a duk faɗin gasket, domin ta wuri ɗaya mai rauni iskar wuta ke samun hanya zuwa ga ruwan lagireto ko baƙin mai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsalar da ta dami injiniyoyi tsawon ƙarni guda ita ce, wannan miƙewa da komai ya rataya a kanta ba ta aunuwa cikin sauƙi. Gindin notin tof yana binne a cikin bulok, babu yadda za a sa masa ma'auni. Sai dai a auna wani abu daban a yi kirdado da shi.

Kafin ma a kai ga batun awo, sai da aka daidaita zaren kansa. Joseph Whitworth ya gabatar da tsarin zare na bai ɗaya a Ingila a 1841, William Sellers ya kawo nasa a Philadelphia ta Amurka a 1864, kuma bayan wahalar da rashin jituwar notunan Amurka da na Ingila ta jawo a Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga haɗe tsare-tsaren. Wannan ya sa noti ya zama kayan da ake musanyawa. Amma yawan ɗaurin ya ci gaba da zama a hannun mai sifana, wanda ke ji a damtsensa cewa ya isa. Ana danganta sifanar awo ta farko ga Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwan birnin New York, a 1918, kuma a shekarun 1930 ne irin mai sanda da allura ta shiga masana'antar mota ta hannun kamfanin Chrysler. Daga nan littattafan gyara suka fara zuwa da lambobi.

Lambar ta fi damtse, amma ba ta kai yadda ake zato ba. Sifanar awo tana auna wahalar juya noti ne, ba miƙewarsa ba, kuma mafi yawan wannan wahala gogayya ce. A lissafin da injiniyoyi suka saba amfani da shi, kusan rabin ƙarfin murɗa yana ƙarewa a gogayyar da ke ƙarƙashin kan noti, wajen kashi 40 cikin ɗari a tsakanin zare da zare, kashi 10 kawai ke zama matsi. Saboda haka ɗigon mai, ko tsatsa, ko ƙwayar yashi a cikin rami, na iya sauya sakamakon ƙwarai. Notuna goma da aka ɗaure da lamba ɗaya na iya bambanta a matsinsu da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari sama ko ƙasa. Tsofaffin injuna sun jure wannan ne domin an yi su da rara: tof da bulok na zubin ƙarfe masu kauri, notuna manya da ake tsayar da su nesa da iyakarsu, da gasket mai laushi da aka yi da asbestos. Gasket ɗin yakan lotsa bayan ya sha zafi, matsi ya ragu, shi ya sa aka yi al'adar mayar da mota gareji bayan tafiyar kilomita wajen dubu a sake ɗaure tof. Irin waɗannan notuna ana wanke su a mayar sau da yawa ba tare da wani abu ya faru ba, kuma a kan wannan gogewa ta gaskiya aka gina imanin cewa noti ba ya tsufa sai in ya karye ko zarensa ya cinye.

Darasin maƙeran gada

Ba masu ƙera mota ne suka fara ƙetare iyakar da gangan ba. Masu gina gadoji da dogayen gine-ginen ƙarfe ne. Har zuwa ƙarshen shekarun 1940 da ribit ake haɗa ƙarafan gini, ana gasa shi ja-wur a buga, aikin da ke cin ƙungiyar mutum huɗu. A 1947 aka kafa wata majalisar bincike a Amurka kan haɗin ribit da noti, kuma a 1951 ta fitar da ƙa'idar da ta yarda a maye gurbin ribit da noti mai ƙarfi. Nan take aka ci karo da matsalar gogayya, domin notin da ya kwana a filin gini cikin ruwan sama ba ya amsa sifana kamar wanda aka fitar daga kwali. Mafitar da aka samu a shekarun 1950 mai sauƙi ce: a ɗaure har faranta su haɗu sosai, sannan a ƙara juyi ƙayyadadde, sulusin zagaye ko rabi ko fiye, gwargwadon tsawon notin.

Hikimar tana cikin lissafin zare. Notin da tazarar zarensa milimita 1.5 ce yana shiga milimita 1.5 a kowane cikakken zagaye, ko da mai ko babu, ko da tsatsa ko babu. Rubu'in zagaye milimita 0.375 ne. Juyi yana da alaƙa kai tsaye da miƙewa, abin da ƙarfin murɗa ba shi da ita. In kuma juyin ya kai notin bayan iyakar dawowarsa, sai a sami riba ta biyu: a can ƙarin miƙewa ba ya ƙara matsi sosai, don haka notin da aka ɗan zarce da wanda aka ɗan gaza duk suna ba da matsi kusan ɗaya. Abin da ke yanke yawan matsin ya tashi daga hannun ma'aikaci ya koma ga ingancin ƙarfen da kaurin notin, abubuwa biyu da masana'anta ke iya sarrafawa da kyau.

Maginan sun kuma fara gano farashin dabarar. Ƙa'idarsu ta hana sake amfani da notuna mafiya ƙarfi, ajin A490, da kuma na ajin A325 da aka lulluɓe da tutiya, bayan an taɓa ɗaure su. Baƙin A325, wanda ya fi jure miƙewa, an bar ƙofar sake amfani da shi in injiniya ya amince, kuma gwajin da ake yi shi ne a ga ko ƙawanya za ta bi zarensa har ƙarshe da hannu kawai. Wannan rabuwa, wani a yar wani a gwada, ita ce za ta sake bayyana a littattafan gyaran mota daga baya.

Abin da ya tilasta wa masu mota

Takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973 ya ninka farashin ɗanyen mai kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Amurka ta yi dokar ƙayyade shan man motoci a 1975, bayan dokar tsabtace iska ta 1970. Kowane kamfani ya shiga neman rage nauyi, kuma tof na alminiyum, wanda Turawan Faransa da Italiya suka daɗe suna amfani da shi, ya zama gama-gari. Alminiyum yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Idan injin ya ɗauki zafi, tof yana ƙara kauri fiye da yadda notin ƙarfe ke ƙara tsawo, sai matsi ya hau. Idan ya huce, matsi ya sauka. Gajeren noti mai kauri ba ya da sassaucin bin wannan hawa da sauka: yakan murƙushe gasket da zafi, ya bar shi sako-sako da sanyi. Dogo siriri, wanda aka ja sosai, shi ke iya bi kamar sifirin.

A lokaci guda gasket ya canza. An fara janye asbestos saboda cutar da yake jawowa ga huhu, kuma gasket mai falle-fallen ƙarfe, wanda aka fara ƙerawa a Japan, ya bazu. Shi ba ya lotsawa kamar na da, amma ba ya yafe matsin da bai daidaita ba. Su kuma kamfanoni suna so su kawar da zuwa gareji don sake ɗauri, domin kuɗi ne a kansu, kuma masu mota da yawa ba sa zuwa. A layin haɗa injuna aka kawo na'urorin da ke ɗaure notuna goma a lokaci guda suna auna juyi da ƙarfin murɗa tare, wasunsu ma suna gane lokacin da ƙarfen ya fara sallamawa su tsaya. Zuwa shekarun 1980 da 1990 dabarar ta zama ruwan dare, ta kuma wuce tof ta shiga notunan kwanrod, da na mazaunin karanshaf, da na fulawil, har da na ƙafafun wasu motoci.

Injin K-series ya kai tunanin ƙarshensa. Notunansa sun haura santimita 40, suna ratsa tof da bulok da mazaunin karanshaf su ɗaure a wani dogon ƙarfe a can ƙasa, ta yadda injin duka ya zama fallaye da aka matse wuri guda. Ya fito da rashin nauyi abin sha'awa, har kamfanin Lotus ya zaɓe shi don motarsa Elise a 1996. Ya kuma yi ƙaurin suna wajen ƙone gasket, musamman bayan an faɗaɗa shi zuwa lita 1.8 an ɗora masa Land Rover Freelander a 1997. Laifin ya rabu tsakanin ƙarancin ruwan sanyaya injin, da ƙusoshin roba da ke saita tof, da tsarin gasket ɗin kansa; notunan ba su ne tushen ba. Sai dai yawan buɗe wannan injin ya sa dubban kanikawa a Ingila suka yi ta fuskantar tambayar mayar da noti.

A mayar ko a yar

Rover bai ce a yar kai tsaye ba. Ya ba da gwaji: a murɗa tsohon notin da hannu a mazauninsa har ya tsaya, a auna tazarar da ke tsakanin saman bulok da ƙarƙashin kan notin, in ta wuce milimita 97, a canza. Toyota, wanda ke kiran tsarin ɗauri a yankin miƙewa, yana ba da awon kauri ko na tsawo da za a duba da ma'aunin baniya. Mercedes-Benz ya daɗe yana rubuta iyakar tsawon da notin tof zai kai kafin a yi watsi da shi. Volkswagen kuwa, a injin dizal na lita 1.9 da ake ɗaurewa da Nm 40, sai 60, sai rubu'in zagaye sau biyu, cewa ya yi a sa sababbi kowane lokaci. General Motors ma haka ya ce game da injunan LS da ya fara fitarwa a 1997.

Wannan saɓani ba ya nufin wasu sun san ƙarfe wasu ba su sani ba. Notin da aka ja ya wuce iyakarsa sau ɗaya bai mutu ba. Ƙarfe yana ɗan taurara idan ya miƙe, don haka a ɗauri na biyu yana iya ba da matsi daidai da na farko. Abin da ya ragu shi ne rarar miƙewar da ta saura masa kafin ya sirance, kuma kowane ɗauri yana cin wani kaso daga wannan rara, ba ya mayarwa. Dogon noti mai sassauci yana da rara mai yawa, gajere mai tauri yana da kaɗan. Kamfanin da ya ba da awo ya lissafa cewa notinsa zai iya ɗaukar zagaye fiye da ɗaya, ya kuma ba da hanyar gane wanda ya ƙare. Wanda ya ce a yar ya duba kuɗin notuna goma, ya duba kuɗin sake buɗe injin a ƙarƙashin garanti, ya ga babu abin tsayawa aunawa. Akwai ma injunan da ake ɗaure su da digiri amma notunansu ba sa kai iyakar dawowa sam, don haka ganin digiri a littafi ba hujja ba ne cewa notin na ɗauri ɗaya ne.

Haɗarin yana cikin yadda ƙarewar ke zuwa. Notin da rararsa ta ƙare ba ya nuna alama a ido sai can ƙurewa. Wani lokaci yakan tsinke a hannun bakanike a juyi na ƙarshe, kuma wannan ne mafi sauƙin sakamako, domin a nan take ake gani. Mafi muni shi ne wanda ya sirance bai tsinke ba: ya karɓi digirinsa cif, amma matsin da yake bayarwa ya faɗi ƙasa da na maƙwabtansa. Motar za ta tashi lafiya, ta yi makonni ko watanni, sannan ta fara shan ruwa da ɗaukar zafi, a ɗora laifin a kan gasket ko a kan mai motar. Gogaggen hannu yakan ji lokacin da noti ya yi laushi a tsakiyar juyi maimakon ya ci gaba da turjiya, amma ba kullum ba.

Ga notin kwanrod maganar ta fi tsanani. Shi ana jansa ana sakinsa a kowane zagayen injin, kuma babban matsin da aka ɗaure shi da shi ne ke kare shi daga gajiyar ƙarfe. In matsin ya gaza, tsaga za ta fara a gindin zare ta yi ta ci har ya rabu, kwanrod ya fasa bulok ya fito. Masu haɗa injunan tsere ba sa yarda da sifana ko digiri a nan. Da yake kai da gindin notin duk a fili suke, miƙewar kanta suke aunawa, kuma suna rubuta tsawon kowane noti kafin ɗauri domin su gane ranar da ya daina komawa.

Musanya

Mayar da tsohon noti caca ce da ake iya rage haɗarinta da awo. Musanya shi da wani iri daban, a kuma bi lambobin littafi, kuskure ne tun daga tushe, domin lambobin na wannan notin ne, ba na injin kaɗai ba. Alamar da ke kan noti, 8.8 ko 10.9 ko 12.9, tana faɗin ƙarfinsa: lambar farko in aka ninka ta sau ɗari tana ba da ƙarfin da zai tsinke shi a ma'aunin megafaskal, ta biyu kuma tana nuna a kashi nawa cikin goma na wannan ƙarfi yake fara sallamawa. Notin 8.8 yana sallamawa a wajen 640, na 12.9 sai ya kusa 1,100. Idan aka sa mai rauni a gurbin mai ƙarfi, zai sallama da wuri, ya sha digirinsa duka, ya bar gasket da matsin da bai isa ba. Idan aka sa mai ƙarfi a gurbin mai sassauci, da tunanin an kyautata, sai ya ƙi sallamawa a inda aka tsara, matsi ya yi ta hawa da kowane digiri, har abin da ya fi rauni a haɗin ya karɓi hukuncin. A injin zamani wannan abu shi ne zaren alminiyum da ke cikin bulok, ko kuma zagayen silinda da zai karkace ya fara shan mai. Tsawo ma haka: notin da ya ɗara na asali da 'yan milimita zai taɓa ƙasan rami ya yi tauri kamar ya ɗauru, alhali bai matse komai ba.

Akwai musanyar da ta yi suna, kuma tana koyar da abu ɗaya. Injin dizal na lita 6.0 da kamfanin Navistar ya ƙera wa manyan motocin Ford daga 2003 zuwa 2007 yana da notuna huɗu kewaye da kowace silinda, inda wanda ya gabace shi mai lita 7.3 yake da shida. Da matsalolin na'urorin sanyaya shi suka haɗu da ɗabi'ar masu motar ta ƙara masa ƙarfi ta kwamfuta, sai tof ya riƙa ɗagawa. Maganin da ya yaɗu shi ne cire notuna masu miƙewa a dasa sanduna masu zare kai da gindi, galibi na kamfanin ARP na Kalifoniya, waɗanda ake tsayar da su ƙasa da iyakarsu kuma ana iya sake amfani da su. Amma sandunan suna zuwa da lambar ɗaurinsu da man shafawarsu na musamman, kuma ba a taɓa ɗaure su da digirin Ford. An canza noti, an canza umarni tare da shi.

BMW ya nuna wata fuskar. Injinsa N52 na 2004 yana da bulok da aka haɗa da magnesiyum da alminiyum, kuma notunan da ke shiga sashen magnesiyum na alminiyum ne, da yawansu da shuɗin fenti a ka, duk na ɗauri ɗaya. Wanda ya ga sun yi masa rashin ƙarfi ya sa na ƙarfe ya gayyato tsatsar da ke tasowa idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu da danshi, kuma magnesiyum ne ke cinyewa.

Inda lissafin ya sauya

An tsara noti mai miƙewa ne bisa zato biyu: cewa sabon noti yana da araha kuma yana kusa, da cewa an san sau nawa aka taɓa buɗe injin. A Kano da Kaduna da Maradi duka biyun suna rawa. Kanikawan da suka horar da na yanzu sun koyi sana'a ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da kuma ƙwaƙƙwaran injunan zamaninta, inda wanke noti a mayar daidai ne. Canjin ya shigo ba tare da sanarwa ba. A cikin dangin Peugeot ɗin ma, wasu injunan XU da suka biyo baya ana ɗaure su da Nm 20 ne a ƙara digiri 300. Daga ƙarshen shekarun 1980, bayan faɗuwar darajar naira, kasuwa ta koma ga motoci da injunan da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, masu shigowa ta Kwatano da Legas. Injin da aka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ya zuwa da tarihinsa. Notunansa na iya kasancewa a ɗaurinsu na farko tun daga masana'anta, suna iya kasancewa a na uku.

Sabon noti ma ba kullum ne mafita ba, domin wanda ba a san maƙerinsa ba, ko da an buga masa 10.9 a ka, musanya ce da ba a san da me aka yi ta ba. Tsohon noti na asali da ya ci gwajin da kamfaninsa ya bayar ya fi shi abin dogaro. Inda kamfani ya ce a yar kuma babu awon da ya bayar, babu abin da za a gwada da shi, sai neman na asali ko na sanannen maƙerin gasket. Rashin ma'aunin digiri kuwa ba uzuri ba ne: kan noti mai kusurwa shida yana ba da digiri 60 daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma littattafan Toyota da kansu ɗigon fenti suke cewa a sa a gaban kan notin a bi shi da ido har ya juya rubu'i.

Camry ta shekarun 2002 zuwa 2006, wadda ta cika titunan Nijeriya, ta ƙara wa maganar wani babi. Injinta mai lita 2.4, 2AZ-FE, bulok ɗinsa na alminiyum ne, kuma an san shi da zarewar zaren da ke riƙe notunan tof, musamman na tsakiya a ɓangaren baya, galibi bayan ya sha zafi. A irin wannan hali sabon noti da tsoho duk ɗaya ne, za su yi ta juyawa ba su kama ba. Toyota ya fitar da umarnin gyara na a huda ramukan a dasa musu hannun riga na ƙarfe mai sabon zare. Kafin a mayar da tof kuma sai an busar da kowane rami, domin mai ko ruwan da ya taru a ƙasansa ba ya matsuwa. Noti na sauka a kansa, sifana za ta nuna an kai lamba tun gasket bai matsu ba, in kuma aka ƙara digiri a kan haka bulok ɗin na iya tsagewa.